Littafin Bature a Hawan Kibo

Taubashina ya sauka Jos daga Kano da wani littafi da ya tsinto a wurin masu baza tsofaffin littattafai a Sabon Gari, irin wanda Turawa kan rubuta wa junansu don kada su ɓata a ƙasar mutane. An buga shi wajen 2001. Bai ko kwance jaka ba ya sanar da ni cewa Dutse Uku ba ta cikin taswira.

Na ce, "To ai ga ka zaune a cikinta."

Ya ce, "Ɗan'uwa, ni dai Bature bai rubuta ba."

Da safe muka shiga tsohuwar motata, shi da littafi a gaba, ni da aka haifa a garin na koma direba. Zango na farko Taminus, don littafi ya ce babbar kasuwar Jos da ke can tana cikin manya a Afirka ta Yamma. Wuta ta cinye ta tun 2002, na kuwa gaya masa tun a gida. Sai da ya je ya gani, sannan ya tambayi wani mai dankalin Turawa ko matsar da ita aka yi.

A ba Bature haƙƙinsa, ya san dutse. Duwatsun Riyom suna nan inda ya ce, ɗaya bisa ɗaya, ba wanda ya gusa. Gidan tarihin da aka buɗe a 1952 ma yana nan da kawunan Nok ɗinsa. Duk abin da ba ya motsi, littafin ya faɗi daidai, kuma kowane ɗaya sai taubashina ya buga mini shafin a hanci. Wanda ke motsi ne matsala: farashi, hanya, mutane. Littafi ya lissafa mana mintocin zuwa ruwan Assop, amma bai san shingen jami'an tsaro ba, bai san ramuka ba, bai san tirelar da ta sa mu a baya tun daga Bukuru tana mana turaren hayaƙi ba.

A Mararabar Jama'a na ce mu sha mai. Ya ce a'a, akwai gidan mai kafin gangaren Hawan Kibo, Bature har tauraro ya sa masa. Nan ne ma na gano cewa gudunmawar da ya ware ta fetur lissafin naira 22 ce kowace lita, kamar yadda littafi ya ce. Tun da aka cire tallafi a 2023, wannan ko ledar ruwa ba ta saya a tasha.

Gidan man kuwa mun same shi. Ba rufi, an shuka masara a inda motoci kan yi layi, wata akuya kwance a gindin famfo tana tuƙa. Taubashina ya fita ya yi sallama har sau biyu.

Muka gangara Hawan Kibo da ƙamshin mai da Ayatul Kursiyyu. Muna kaiwa ƙasa motar ta yi tari, ta yi shiru. Can sai ga wani yaro ɗan bumburutu da galan, ya faɗi kuɗin da ya sa taubashina ya nemi wurin zama. Aka biya, sai kuma ba mazurari.

Yaron ya dube mu, ya dubi littafin. Ya fizge bangon, ya naɗe shi, ya zura a bakin tanki, ya tuttula mai, ko ɗigo bai zube ba.

Ya ce, "Alhaji, takardar nan tana da kyau. Nawa za ka sayar mini da sauran?"