Kanawa, Ku Ajiye Sikelin: Wannan Jan Ƙarfen Ba Na Sayarwa Ba Ne

Na san halinku, mutanen Unguwar Kanawa. Da jin an ce akwai cutar da ke tara jan ƙarfe a jikin mutum, rabinku sun taɓe baki sun ce ƙaryar Bazazzagi ce, sauran kuma sun fara tambayar nawa 'yan gwangwan ke sayen kilo. Ku kwantar da hankalinku. Duk jan ƙarfen da ke jikin babban mutum bai fi miligiram 100 da 'yan kai ba, ko kuɗin keke zuwa Kawo ba zai biya ba.

Cutar kuwa tana nan. Wani likita a Landan, Kinnier Wilson, shi ya bayyana ta a 1912, da sunansa ake kiran ta. Hanta ce ke zubar da rarar jan ƙarfen da muke ci a abinci. Idan yaro ya gaji matsalar daga uwa da uba duka biyu, sai hantar ta gaza, ƙarfen ya taru, ya wuce zuwa ƙwaƙwalwa da ido. Mutum ɗaya ne cikin kimanin 30,000.

"To ai ba ta da yawa," in ji Alhaji. Gaskiyarka, Alhaji. Amma 'yar wa ka aura wa ɗanka? Ta ƙaninka, don kada dukiya ta fita gida. A irin wannan auren zumunci ne cututtukan gado suka fi samun ƙofa.

Ga yadda take zuwa. Yaro ɗan sakandare, rubutunsa ya fara karkacewa, hannu na rawa in ya ɗauki kofin shayi, harshe ya yi nauyi, miyau na zuba, wataƙila ya taɓa yin shawara. Ran da ya faɗi yana jijjiga, Goggo ta yanke hukunci: iska ce. A yi addu'a, Goggo, ba mai hanawa, amma a ɗauki hoton kan. Na'urar MRI tana nuna tabo a can tsakiyar ƙwaƙwalwa, wurin da ke sarrafa motsi, wani lokaci har da siffa mai kama da fuskar panda, dabbar nan ta ƙasar Sin. Kada wani ya je majalisa ya ce na ce akwai dabba a kan yaro.

Wani bincike a Ingila a 1988 ya gano kimanin 6 cikin 100 na masu cutar suna farfaɗiya, ninki goma na sauran jama'a. Likitocin Bangalore a Indiya kuma sun lura cewa waɗanda tabonsu ya kai sassan saman ƙwaƙwalwa su suka fi faɗuwa. Amfanin hoton ke nan: likita ya san wanda zai sa wa ido. Farfaɗiyar ma wani lokaci takan fara ne bayan an soma magani, kuma penicillamine, wanda John Walshe ya gabatar a matsayin maganin cutar a 1956, yana rage bitamin B6, shi ya sa ake haɗa su. Wanda ya ce "maganin Bature ne ya kayar da shi" ya jefar da ƙwayoyin, hantar yaron ya kashe.

Na san MRI da tsada, kuma raba Bakano da kuɗinsa sai an shirya. To ku fara da mai sauƙi: Cibiyar Ido ta Ƙasa tana nan Kaduna, ta wajen Mando. A duba ko akwai zobe mai ruwan ƙasa a gefen baƙin idon yaron, a auna jini da fitsari. In an tabbatar, ku kai 'yan uwansa na ciki ɗaya su ma, domin kowannensu na da haɗarin ɗaya cikin huɗu.