Mas'alar Barcin Kwamfutata

Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya karanta Ishmawi, ko da bai ƙetare babin tsarki ba, ya san malaman fiƙihu sun kasa barci kashi huɗu, suka duba tsawonsa da gajartarsa, da nauyinsa da sauƙinsa, kana suka yanke cewa mai nauyi shi ke warware alwala. Amma ban taɓa zaton wannan mas'ala za ta biyo ni har shagona na Ƙaraye, inda nake buga wa jama'a takardu ba, sai da hunturun bara ya kama, na wayi gari da na'urar da in ta kwanta barci mai sauƙi, sai ta zarce lahira ba ko sallama.

Ita dai wannan kwamfuta ta tebur ce, 'yar gwanjo, na sayo ta a titin Beirut cikin birnin Kano, kuma ba ta taɓa kunyata ni ba, ko a 2019 da aka ɗaga Ƙaraye ta zama masarauta, lokacin da wasiƙun taya murna suka yi ta zubowa har yatsuna suka yi kanta. Masunta da manoman rani na bakin madatsar Chalawa, wadda aka kammala a 1992, duk wurina suke kawo takardun ƙungiyoyinsu, balle masu katin ɗaurin aure. Al'adata kuwa, in rana ta take tsaka, sai in bar aiki a buɗe, in kwantar da ita, 'yar fitilarta tana ƙyaftawa, in tafi gida cin abinci, in bar Kawuna, ƙanin mahaifiyata, zaune bisa buzunsa a bakin ƙofa yana jan carbi, yana yi mini gadi. In na komo bayan azahar sai in iske fitila a mace, in girgiza linzami shiru, in danna maɓalli ta taso daga fari kamar ba ta taɓa sanina ba, abin da na rubuta kuwa ya bi iska. Ranar da ta haɗiye jerin sunayen 'yan wata ƙungiyar manoma, da lambobin wayarsu, sakatarensu na tsaye a kaina, ranar na san magana ta wuce wasa.

Wanda na fara tuhuma shi ne maƙwabcina mai cajin waya, wanda nake jan wuta daga janaretansa, nake biyansa wata-wata. Ya rantse da girman Allah injinsa bai ko yi tari ba, ya kafa shaida da wayoyin mutane da ke jere a kan katakonsa, ya ce ai bayyina tana kan mai da'awa, ya rufe da tambayata kuɗin watan jiya. Na janye ƙara. Daga nan 'yan zaman benci suka karɓi shari'a: wani ya ce ƙurar hazo ce, wani ya ce cutar kwamfuta ce da ɗalibai ke kwasowa a filashi, wani kuma, da ya rage murya, ya ce in binciki abokan sana'a, don ba kowane mai yi maka barka da ciniki ne ke nufin alheri ba. Kawu bai ce uffan ba sai da kowa ya ƙare, sannan ya gyara rawani ya ba da tasa fatawa, cewa kowane mai rai da ajalinsa, balle ƙarfen Nasara, in yi haƙuri in riƙa yi mata tofi.

Na yi tofin, na kuma buɗe akwatin na hure shi da famfon keke, ƙura ta turnuƙe shago har Kawu ya yi atishawa uku a jere. Kashegari ta sake mutuwa a kan lokacinta.

Da al'amari ya faskara, aka kwatanta mini wani saurayi a Rogo wanda ya koyi gyara a Kano. Kuma ko da yake a tsarin sarauta Rogo ce ke ƙarƙashin Ƙaraye, a sha'anin kwamfuta dole na ɗauki caffa na kai. Na naɗe ta da bargo, na rungume ta a bayan ɗan acaɓa, muka kama hanya cikin sanyi, har wata tsohuwa da muka wuce ta ɗaga hannu ta ce Allah ya ba yaron lafiya. Na ce amin, don ban ga inda ta yi kuskure ba.

Injiniyan, wanda a haife na haife shi, ya shimfiɗa mini tabarma, ya ce, "Baba, ka san abin da ake nufi da barcinta?" Sai ya warware mini, ni kuwa na natsu kamar almajiri. Ya ce in ta kwanta, fanka da faifan ajiya da allo duk suna tsayawa, amma aikin da ka bari yana nan a ma'ajiyar wucin gadi da ake kira ram, ita kuwa ram ba ta riƙe ko harafi sai da wuta. Saboda haka tukunyar wutar da ke bayan akwatin, wato fawa saflai, tana ci gaba da ɗiga mata bolt 5, komai daɗewar barcin. Kwamfutar cinya tana da batir da zai rufa mata asiri, ta tebur kuwa ba ta da kowa sai bango, in wuta ta yanke, shi ke nan. Ya buɗe kundin da Windows take rubuta abin da ya same ta, ya nuna mini lamba 41 a jere reras, ya ce ma'anarta an tashe ta alhali ba a kashe ta bisa ƙa'ida ba. Ya kwance tukunyar ya leƙa ko akwai kafasito da ya kumbura, ya iske kawunansu a shafe lafiya lau. Ya bar ta ta kwana tana barci a shagonsa, da safe ya taɓa linzami, ta buɗe ido garau.

Sai ya tambaye ni ko agogonta na ɓata. Na ce kullum in ta farfaɗo sai ta koma wata shekara ta can baya, har na taɓa buga wa wani sammacin biki da kwanan watan da amarya ba ta shiga firamare ba. Ya ciro wani ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3, ya gwada shi ya ga ya mutu, ya ce, "To Baba, ga hujja. Muddin filogi na jikin bango, agogo ba ya bukatar wannan batir. Tun da yana komawa baya, wuta ce ake raba ta da ita ɗungurungum. Ciwon ba a jikinta yake ba, yana shagonka." Ya sa sabon batir, ya kunna mata wani tsari da ke kwafe aiki a faifai kafin ta kwanta, ya karɓi kuɗin batir kawai, ya ce sauran in yi masa addu'a.

Na komo Ƙaraye da zato iri-iri, na ƙudura sai na ga ɓarawon da idona. Da rana ta take na kwantar da ita, na yi wa Kawu sallama kamar kullum, na zaga ta bayan shago na laɓe jikin taga. Can da ladan ya gyara lasifika, sai na ga dattijo ya miƙe a hankali, ya shigo, ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya zare filogin kwamfuta daga soket ɗaya tilo da nake da shi, ya zaro 'yar hita daga aljihun babbar riga, ya tsoma ta a kofin silba, ya koma yana jira har ruwa ya yi ɗumi, ya juye a buta, kana ya mai da filogi mazauninsa da kyau, har da shafa shi.

Na shigo na durƙusa, na ce, "Kawu, ashe kai ne?"

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Ni ne me? Allonta baƙi ƙirin, ba ta motsi, ba ta numfashi. Wane malami ne ya kira wannan barci mai sauƙi? Kai kuma so kake in yi alwala da ruwan Chalawa a wannan hunturu, da waɗannan gwiwoyin?" Na ce ai da ya ga zan kai ta Rogo, da sai ya faɗa mini. Ya ce ban tambaye shi ba, kuma kwanakin da na yi can ya sha wuya, don na kulle shagon.

Da yake ba a ja da kawu, sai na sayo soket mai baki huɗu, na ware masa guda. Mako bai zagayo ba mai janareta ya gane dalilin da ya sa injinsa ke nishi kafin azahar, ya ƙara mini kuɗin wata. Kawu kuwa har yau yana ƙorafin cewa ruwan sabon soket bai kai na tsohon zafi ba.