Takardu Na Gida, Yallaɓai

Kowace takardar mota tana ɗauke da ranar mutuwarta, an buga ta ƙuru-ƙuru tun ranar da aka biya kuɗi. Lasin mota shekara guda yake yi, inshora ma haka. Takardar lafiyar mota, wadda jami'an VIO ke bayarwa bayan duba birki da fitilu da tayoyi, shekara ce ga motar gida, wata shida ga ta haya. Lasin tuƙi shekara uku ko biyar. Amma duk wanda ya tsaya bakin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu ranar da masu duba takardu suka fito, zai rantse cikin dare aka bi mutane gida-gida aka sauya musu kwanan wata.

Wanda ya fi yawa a cikin waɗanda ake tsayarwa shi ne mai jiran albashi. Ma'aikaci ne mai kamala, yana fita sakatariyar Haliru Abdu kullum da hularsa a karye, kuma ya san sarai takardarsa ta ƙare. Ya ce bari a yi albashi. Albashi ya zo, kuɗin makarantar yara suka tare shi a ƙofa. Na gaba ya tafi a buhun shinkafa, sai azumi, sai ragon layya. Ranar da aka tsayar da shi ba ya gardama. Yakan karɓi takardar daga hannun jami'i, ya miƙar da ita nesa da idonsa, ya cire tabarau ya mayar, sannan ya ce, "Subhanallahi, har ta ƙare?" Wata bakwai ke nan yana tsallake wannan takarda duk lokacin da ya buɗe aljihun mota neman cajar waya.

Masanin lungu kuwa ba a tsayar da shi, don ba a ganinsa. Ya haddace ranakun fitowar jami'ai, da lokacin da rana ke korarsu inuwa, da sa'ar da suke tafiya sallar azahar. Idan motar da ke tahowa daga Ambursa ta ƙyafta masa fitila, direbanta ya nuna ƙasa da yatsa, nan take zai karya kan mota ya faɗa hanyar burji, ya ratsa bayan gari, ya raba garken shanu, ya ɓullo can gaba ƙura ta rufe shi har gira. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, har lita ta taɓa haura naira dubu a ƙarshen 2024, abin da yake ƙonawa a zagaye cikin 'yan watanni ya isa sabunta takardun duka, banda kuɗin bakanike na gyaran ƙafar mota. Bai taɓa yin wannan lissafi ba, kuma ba ya son a yi masa. A wurinsa, biya kashin kai ne.

Sai lauyan tasha, wanda ya samu makami a watan Oktoban 2024, lokacin da Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ta bakin Mai shari'a Evelyn Maha, ta ce jami'an VIO na birnin tarayya ba su da ikon tare mota a hanya, ko kama ta, ko cin tara. Lauyan tasha bai karanta hukuncin ba, a WhatsApp ya ji wani ya yi bayaninsa, amma ya adana saƙon ya ƙara masa gishiri. A bakinsa kotu ta soke VIO gaba ɗaya, ta haɗa da 'yan sanda da kwastan, kila ma har da ɗan kamasho. Matsalarsa ita ce rabin lokaci wanda ya tsayar da shi jami'in hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ne, FRSC, wadda ke aiki tun 1988 da dokarta daban, kuma hukuncin bai taɓa ta ba. Jami'in yakan bar shi ya gama wa'azinsa, fasinjoji na gumi a cikin motarsa Sharon, sannan ya yago masa takardar tara. A jadawalin da hukumar ta daɗe tana aiki da shi, mataccen lasin mota naira 3,000 ne, rashin lasin tuƙi mai rai 10,000. Kuɗin ba a hannu ake bayarwa ba, sai an je an biya an kawo shaida, mota kuma tana tsare. Lodin ranar ya wuce, 'yan kasuwar da ya ɗauko sun sauke kayansu sun shiga wata motar suna yi masa addu'ar da ba ta alheri ba.

Akwai mai cewa "takardu na gida, yallaɓai." Idan direban haya ne, suna wurin maigida, maigida kuma ya tafi Sakkwato, wayarsa ba ta shiga. Akwai mai liƙa hoton wani babba a gilashi, da mai ajiye hular soja a gaban mota alhali ko fareti bai taɓa kallo ba. Waɗannan ba su da wani labari mai tsawo.

Abin kallo shi ne akori-kurar fadama. Yawancin shekara tana kwance gindin darbejiya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Da an fara yankan shinkafa a fadamun Argungu da Augie sai a tura ta ta tashi, a lafta mata buhunan shanshera har ta durƙusa, ta nufi masu saye ko injin casa, irin na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta. Fitila guda ce, ita ma sai an mare ta. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka ƙera ta, FRSC kuma shekara huɗu take ba taya. Ta akori-kura an rubuta 2312, wato mako na 23 a 2012. Mai motar dattijo ne, manomi, kuma shi kaɗai ne a duk jerin nan da ba ƙarya yake yi ba idan ya nuna mamaki. "Ɗana, mi na yi? Ai da takardunta anka sai man ita." Gaskiya ne, da takardunta aka sayar masa. Suna nan cikin leda, a naɗe da roba, da sunan mutum na uku kafin shi.

Dattijon da wani tsohon hedimasta mai fansho ba sa haɗuwa ko a mafarki. Hedimasta yana sabunta komai saura mako biyu, yana da abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku, kuma idan jami'i ya ɗaga masa hannu ya wuce ba tare da dubawa ba, ransa ɓaci yake yi. An sha ganinsa ya tsaya da kansa ya miƙa fayil.

Wanda ya kamata a ji tsoro, a ganin mai wannan rubutu, ba ya cikin masu gudu. Shi ne mai cikakkun takardu. Yana da "yaronsa" a gindin bishiya kusa da ofishin lasin, wanda yake aika wa kuɗi ta waya da safe, da yamma a kawo masa komai har gida, har da shaidar cewa an duba motar an same ta lafiya lau. Motar ba ta motsa daga ƙofar gida ba. Birkinta sai an taka sau uku ake jin amsa, amma a shinge shi ne mai sauke gilashi da murmushi, ya wuce ya bar mai jiran albashi yana goge tabarau.

Asirinsa kan tonu ne ta wajen inshora. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar motar gida, mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani, daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar dukiya kuma ta kai har miliyan uku. 'Yan sanda sun fara matsa bincikenta a duk ƙasa daga 1 ga Fabrairun 2025. Yaron gindin bishiya bai ɗaga nasa farashin sosai ba, shi ya sa maigida ke yabonsa da amana. Sai ranar da birkin ya ƙi amsawa a karo na uku, motar ta shige bayan wata sabuwar Hilux a shataletale. Mai Hilux bai ɗaga murya ba. Ya ciro waya ya danna *565*11#, ya sa lambar motar, ya jira, sannan ya juya masa fuskar wayar: babu inshora a kan wannan lamba.

Washegari da sassafe maigida ya isa gindin bishiyar da takardun a hannu. Bencin na nan, mai shayi na nan. Da ya tambayi yaron, aka ce ai ya tafi Kamba ɗaurin aure, yau wata na huɗu.