Alhaji Mai Kyautar Ruwa

A Gusau, inda mai kurar ruwa ya fi famfo cika alkawari, duk wanda ya shayar da jama'a ya cancanci a ambace shi da alheri. Shi ya sa zan ba da labarin wani bawan Allah mai gidan mai a bakin gari. Ba zan faɗi sunansa ba, don mutum ne da ba ya son a riƙa yayata alherinsa. Ya haƙa rijiyar burtsatse a ƙofar gidansa, ya ajiye tankin alwala a masallacin unguwa, da azumi kuma ruwan leda mai sanyi ba ya yankewa a rumfarsa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne kyautar tasa ta kai har cikin tankin mota.

Wata rana cikin Agusta, bayan an kwana ana sheƙa ruwa, wani ɗan kasuwar hatsi ya aiki direbansa Tsafe da Hilux mai shan gas. Direba ya ratsa gidan man Alhaji bayan Azahar, ya tarar tanka ta gama juye kaya kenan tana fita. Ya ji daɗi, ya ce sabon mai ne. Aka cika masa tanki, ya karɓi rasit saboda maigidansa mutum ne mai lissafi, ya kama hanya.

Bai kai Kwatarkwashi ba wata 'yar fitila ta kama a gabansa. Ya yi kamar bai gani ba, yadda direbobi suka saba yi wa fitilun da ba su san ma'anarsu ba. Can sai mota ta fara shessheƙa, ya taka totur ta ƙi amsawa, farin hayaƙi ya turnuƙe bayansa. Duk wanda ya san hanyar Gusau zuwa Tsafe a shekarun nan ya san ba wurin da mutum zai so Magariba ta riske shi ba ne yana leƙen inji. Ya gangara gefe ya kira tsohon bakaniken da ke duba motocin gidansu.

"Baba, mota ta ƙiya."

"Mi ta yi?"

Ya faɗa masa.

"Ina kas sha mai?"

Ya faɗa masa wannan ma. Tsoho ya yi shiru, sannan ya ce, "Kashe ta. Kada ka sake murza makulli ko sau ɗai. Buɗe gaba, ka nemi filtar gas, ƙarƙashinta akwai ɗan makunni. Tara gora ka kwance shi."

Direba ya tara gorar lemo da ya tsinta a bakin titi. Abin da ya fara zubowa ruwa ne garai-garai.

Da aka jawo motar gareji, tsoho ya zuƙo abin da ke ƙasan tanki ya cika kwalba, ya girgiza. Ta yi fari-fari kamar ruwan koko. Ya ajiye ta a kan benci ya ce a ba ta lokaci. Kafin a idar da sallar Isha'i ta rabu gida biyu, gas a sama, ruwa a ƙasa. Ba wani sihiri a ciki. Litar ruwa kilo ɗaya ce, litar gas kuwa wajen giram 850 ce, saboda haka duk inda suka haɗu ruwa ne ke kwanciya. Yana kwanciya a gindin tankin mota, kusa da inda bututu ke zuƙa. Yana kuma kwanciya a gindin babban tankin gidan mai da ke binne a ƙasa, ya yi ta taruwa shiru, sai ranar da ya kai bakin bututu, ko ranar da tanka ta juye sabon kaya ta tayar da abin da ya kwanta. Wanda ya sha mai a wannan sa'ar shi ke kwasar rabonsa.

Injin gas kuwa ba ya wasa da ruwa. Gas ɗin da yake ƙonawa shi ne kuma ke shafe ƙarafunan famfo da injekta don kada su ci juna. Ruwa ba shi da wannan santsi, ga shi da kawo tsatsa. Tsofaffin manyan motoci sukan jure kaɗan, su yi tari su wuce. Sababbin injuna kuwa suna tura gas da matsin da ya ninka iskar tayar mota fiye da sau 500, ta ramukan da ido da ƙyar yake gani. Shi ya sa masu ƙera su suka sa matarar ruwa a ƙasan filta, suka haɗa ta da fitilar nan da direbanmu ya raina. Matarar dai ƙaramin kofi ce, an yi ta don raɓar da ke taruwa a tanki. Ba a yi ta don kyautar Alhaji ba.

Washegari aka sauke tanki aka juye shi ƙarƙaf, aka wanke, aka busa bututai, aka sa sabuwar filta, aka zuba gas mai kyau daga wani wuri, aka yi ta danna famfon hannu har iska ta fita. Wani ɗan koyo ya ce ai da an zuba kananzir ko ɗan fetur da sun ƙone ruwan. Tsoho ya harare shi ya ce ya je ya ƙona ruwan randar gidansu tukuna ya dawo. An yi sa'a famfo ya tsira saboda an kashe inji da wuri, amma injekta biyu sai da aka canza. Tsoho ya toshe kwalbar, ya miƙa wa direba, ya ce ya haɗa da rasit ya adana, bayan 'yan kwanaki kuma ya sake kwance makunnin nan ya duba.

Maigidan motar bai son rigima. Ya ce wa direba ya je ya gaida Alhaji kawai, ya nuna masa.

Alhaji ya karɓe shi hannu biyu, har da sa a kawo masa ruwa. Direba ya durƙusa ya ajiye kwalba a gefen darduma.

"Ranka ya daɗe, saƙo na kawo. Wanga ya biyo mu cikin gas ɗin da munka saya jiya. Maigida ya ce ko kuskure anka yi, kada mu riƙe abin da ba namu ba."

Alhaji ya ɗaga kwalba, ya duba ta a hasken taga, ya yi salati. Sannan ya buɗe baki, kuma Alhaji ya iya magana. Ya ce ƙasar ce ta lalace. Ya ce da can daffon Gusau bututu ke kawo masa mai daga matatar Kaduna, yau kuwa sai tanka ta yi kwana da kwanaki daga kudu, wa ya san abin da ake yi mata a hanya? Ya tuna masa Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur daga Beljiyam mai sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka lalace, layi ya cika Legas da Abuja makonni. "In manya sun sayo gurɓatacce, ni wane ne? Ni ma saye na yi, yaro."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ni ma zan sa hannu a kai. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 ta daɗe ba ta ciyar da kowa ba. Sai dai ban taɓa jin cewa ruwan saman Gusau yana biyowa ta Beljiyam ba. Kuma akwai wata sanda a kowane gidan mai, wadda ake zurawa a auna yawan kaya. Akwai wani man shafawa da ake laƙaba wa ƙarshenta, in ya taɓa ruwa sai ya sauya launi. Da shi ake duba tanka kafin a yarda ta juye, da shi ake duba tankin ƙasa da safe, musamman bayan ruwan dare. Aikin bai kai tsawon shan shayi ba. Hukumar NMDPRA, wadda ta gaji aikin DPR bayan dokar man fetur ta 2021, tana da ikon rufe gidan man da aka kama da gurɓataccen kaya, in an kai mata kwalba da rasit. Amma wa zai kai ƙarar mutumin da ake alwala da ruwansa?

Alhaji na cikin sahun gaba a karatun hadisi na bayan Magariba. Yana nan ranar da malam ya kawo labarin da ke cikin Sahihu Muslim, na mai sayar da abinci da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin kayansa ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Ƙarshen hadisin Alhaji ya fi ni saninsa, don shi ya sayi lasifikar da aka karanta shi da ita.

Ya ba direba kuɗin mota, ya ce Allah Ya mayar da alheri, ya ce a gaida maigida. Direba na fitowa ya ci karo da yaron gidan ɗauke da jarkoki biyu a bayan babur.

"Ina zuwa, ƙane?"

"Gas zan sawo na janareto."

"To ai ga hanyar gidan manku nan."

Yaro ya yi dariya. "Alhaji ya hana. Tun farkon damina can tsallake muke saye, har manyan motocinshi."

Bayan mako guda aka ji Alhaji ya ɗauki mataki. An kori yaron da ke riƙe da famfon gas, wanda tun daminar bara yake gaya wa manaja cewa murfin tankin ƙasa ya tsage, ruwa na kwanciya a kansa. An kuma yi wa gidan man sabon fenti. Direba kuwa maigidansa ya yanke masa wani abu daga albashi, saboda fitilar da ya gani ya ƙi tsayawa, kuma bai yi gardama ba.

Yaron famfon yanzu yana garejin tsoho, ya ƙware wajen sauke tanki. Aka tambayi tsoho ko ba zai je ya yi wa Alhaji magana ba, tunda sa'ansa ne, tare suka yi makarantar allo. Ya goge hannu da tsumma ya ce shi ba ya shiga tsakanin mutum da sadakarsa, balle a watan Satumba, ga kuɗin makarantar jikoki ya taso, ga motoci uku a layi.