Baƙon da Ya Cinye Murjanin Surukina

Yayan matata mazaunin Jidda ne kamar mu, kuma Allah ya jarabce shi da kiwon halittun teku a tsakiyar falo. Akwatin gilashi ne ƙato, cike da kifaye masu launi da murjani mai rai, wanda yake ji da shi fiye da motarsa. Da tafiya gida ta kama shi, sai ya damƙa mini amana, ya jero dokoki: zafin ruwa ya tsaya wajen digiri 25, gishirin na musamman ne ba na miya ba, ma'auninsa 1.025. Na ce, "Yaya, sauka lafiya. Wanda ya yi kiwon ragon layya, kifi ba zai gagare shi ba."

Neman suna ne ya kai ni shagon masu sayar da kifin ado, don in ƙara masa tauraron teku ya dawo ya sa mini albarka. Na nuna wani shuɗi shar, mai suna Linckia. Mai shago ya ce wannan ɗan gata ne: sai an yi sa'o'i ana ɗiga masa ruwan sabon gida kafin a saka shi, gishiri ya ɗan motsa ya mutu, kuma sau da yawa yunwa ke kashe shi. Ja ɗin nan, Fromia, ba ruwansa da murjani, amma shi ma ba ya son wasa da ruwa. Mai siraran hannaye irin na maciji yana da juriya, yana share ragowar abinci, sai dai wuni yake a ƙarƙashin dutse. Na ce ba zan biya kuɗi in sayi mai ɓuya ba.

Can na hango wani ƙosasshe mai baƙaƙen ƙuraje a baya, wanda ake wa laƙabi da cakulan. Ga araha, ga ƙarfi. Mai shago ya tambaye ni wani abu game da murjani. Da guntun Larabcina na ɗauka talla yake mini, na kaɗa hannu na ce, "La, la!" Ashe tambaya yake ko akwai murjani a akwatin.

Baƙo ya shiga gida, ya lallaɓa ya haye murjanin da Yaya ya fi ƙauna, ya yi lamo. Na tara yara na ce su ga yadda halittun Allah ke zumunci. Da ya sauka, wurin ya koma tal kamar kan jaririn da wanzami ya gama da shi. Bayan nan dodannin koɗin da ke goge gilashi suka fara zama kwanso. Ɗana ne ya binciko mana cewa bakin baƙon a ƙasa yake, tumbinsa yake turowa waje ya lulluɓe abinci ya narkar da shi a nan inda yake. Ya ƙara da cewa ba shi da jini, ba shi da ƙwaƙwalwa.

Uwargida ta ce, "Baban Ummi, wato marar ƙwaƙwalwa ne ya yi maka wannan aika-aika?"

Na ɗauko almakashi. Yaron ya ce ko na yanke hannun, wani zai tsiro. Na koma shago, aka ba ni shawarar wani jatan lande mai ado da ba ya cin komai sai tauraron teku. Na tambaya, in ya gama da wannan fa? Aka ce sai in riƙa sayo masa wasu. A nan na mayar musu da kayansu kyauta, har da godiya.

Yaya ya dawo, ya daɗe tsaye gaban gilashi, sannan ya juyo ya ce, "Sannu da kiwo." Har yau da haka yake gaishe ni, ko a gidan biki.

Mai karatu, in za ka sayi tauraron teku, fara tambayar abin da yake ci kafin ka dubi launinsa. Mai murjani ya nemi Fromia ko mai hannun maciji, ya bar na cakulan ga akwatin da babu murjani.