Littafin Aro da Masu Tallarsa a Mafara, Bakura da Maradun

Daga cikin al'adun zamantakewa da masana ba su ba su haƙƙinsu na bincike ba a yammacin Jihar Zamfara akwai al'adar kwaɗaitar da karatu, wato mutum ya tsare ɗan'uwansa a majalisa ko a teburin mai shayi ko a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya yi ta yaba masa wani littafi har sai wanda aka tsare ya ji kunyar rashin karanta shi. Al'adar tana da ƙarfi a Talata Mafara da Bakura da Maradun, kuma tana tafiya bisa wata ƙa'ida wadda ba a rubuta ba amma kowa ya san da ita: ba sharaɗi ba ne mai kwaɗaitarwa ya karanta abin da yake kwaɗaitarwa. Abin da ake nema daga gare shi bai wuce ya san sunan littafin da launin bangonsa ba, sannan ya iya girgiza kai yana tsaki na mamaki, ya rufe da cewa, "Wanga littahi, in ba ka karanta shi ba, to ba ka yi karatu ba."

Bai kamata a ɗauka cewa ƙasar baƙuwar littafi ce ba, domin tarihi ya tabbatar da cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi da karantarwa a ƙasar Zamfara tun kafin jihadin 1804, kuma malaman wancan zamani su ma suna aron littafi. Bambancin da ke akwai shi ne, mai aro a lokacin yakan karɓi littafin cikin gafaka, wato jakar fata da ake adana takardu a ciki, ya zauna da alƙalamin kara da tawada ya kwafe shi baƙi bayan baƙi, sannan ya mayar wa mai shi, ta yadda ko da bai yi niyyar karantawa ba, hannunsa ya karanta masa. Jikokin waɗannan malamai sun gaji aron, sun gaji yabon littafi, amma kwafewa da mayarwa, ga alama, an bar su cikin kason magadan da ba su halarci rabon gado ba.

Mafi daraja a cikin masu kwaɗaitarwa shi ne mai kishin tsoffin littattafai, wanda akasari dattijo ne da ya yi aikin koyarwa ko na ƙaramar hukuma ya yi ritaya, kuma ra'ayinsa shi ne rubutun Hausa ya ƙare tun ranar da Abubakar Imam ya ajiye alƙalami. Yana da hujja, domin gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, kuma har yau ba a rasa abin koyo a cikinsu. Matsalar tana tasowa ne idan wani yaro marar ta-ido ya tambaye shi abin da ke ciki. A nan ne ake ganin Malam Zurƙe, wanda mazauninsa Ruwan Bagaja ne, ya yi hijira ya koma Magana Jari Ce ba tare da sanin marubucin ba, aku kuma, wanda aikinsa shi ne ya riƙe ɗan sarki Musa da labarai kada ya fita, sai a same shi yana bin Ganɗoki yaƙi. Idan aka matsa wa dattijon da tambaya kan Shaihu Umar, sai ya bayyana kayan da jarumin ya sa dalla-dalla, abin da ke nuna cewa fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 ya gani, ko kuma ya ga wanda ya gani. Ba a gyara masa, saboda gyara wa babba magana a majalisa ya fi rashin karatu muni.

Kada a ce rashin kaifin ƙwaƙwalwa ne, domin wannan dattijo da ya kasa riƙe sunan gwarzon littafi mai shafi kaɗan, shi ne zai rera waƙar Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura da duniya ta sani da Ɗanƙwairo Maradun, tun daga farko har ƙarshe, ya yi jagora ya yi amshi shi kaɗai, har ya kwaikwayi kotso da bakinsa, ba tare da ya tsallake sunan ko bafade ɗaya ba. Kunne a wannan yanki ma'aikaci ne mai himma. Ido ne yake yawan neman hutu.

Akwai kuma matashin ɗan boko, wanda ya yi karatu ko yake yi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ko wata makarantar gaba da sakandare, shi kuma ba ya kwaɗaitar da littafin Hausa ko kaɗan, sai na Turanci irin waɗanda ake shimfiɗawa a tashar mota. Ya fi son littafin Robert Kiyosaki na 1997 da ke kwatanta uba mai kuɗi da uba matalauci, da na Robert Greene na 1998 mai dokoki 48 na mallakar mutane, kuma yakan riƙe littafin a hannu ta yadda bangon ke fuskantar jama'a, yatsa ɗaya a soke a tsakiya don a san cewa an yi nisa. Yakan yi wa abokansa dogon bayani kan yadda talaka ke yi wa kuɗi bauta alhali mai wayo kuɗi ke yi masa bauta, bayan ya gama kuma ya ja ɗaya daga cikinsu gefe ya nemi rancen kuɗin mota zuwa Gusau. Daga dokoki 48 ɗin, ta farko kawai ya riƙe, saboda ita ce ta zo kafin barci ya zo.

Sai dai ginshiƙin al'adar gaba ɗaya shi ne aro, wanda a ma'anarsa ta fiƙihu yake nufin a ba mutum abu ya amfana da shi ya mayar, a ma'anarsa ta majalisa kuwa yake nufin kyauta wadda mai bayarwa bai san ya yi ba. Wanda ya yi kuskuren yabon littafin da ya mallaka da gaske, to ya yi bankwana da shi, domin nan take za a ce, "Ara mini, jibi-jibin nan in kawo maka," kuma wannan jibi ba ta cikin kwanakin mako bakwai da aka sani. Littafin da aka ara a Mafara ranar Talata yakan kwana biyu a ƙarƙashin matashin kai, daga nan ƙanwar mai aro ta gan shi ta ɗauka, ta ba ƙawarta da za a kai ɗakin miji a Bakura, ya shiga cikin kayan amarya tare da kwanoni, bayan shekara guda kuma a gan shi a Maradun hannun wani da zai rantse cewa na kakansa ne. A wannan tafiya bangon gaba yakan fara ɓacewa, sai shafin da ke ɗauke da sunan marubuci ya bi shi, sai shafuka uku na ƙarshe su tafi wurin mai ƙosai, ta yadda akwai mutanen da suka karanta labari ɗaya shekara da shekaru ba su san wanda ya rubuta shi ba, ba su kuma san ko an yi auren ba. Wanda ya buɗe irin wannan littafi zai tarar da tambarin manja a shafi na biyar, da lissafin adashi a gefen shafi na goma, da sunayen mutum huɗu kowanne ya soke na wanda ya gabace shi ya rubuta nasa tare da gargaɗin kada a ara, sannan da tsinken tsintsiya a maƙale a shafi na tara, inda mai aro na farko ya tsaya da niyyar ci gaba bayan sallar isha'i. Akwai gidajen da littafi ke shiga kamar yadda ruwan Gulbin Sakkwato ke shiga madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, sai dai ita madatsar tana da ƙofofin da ake buɗewa a saki ruwa ga manoman shinkafa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, amma an ga ya cika kabad.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa a duk wannan yanki akwai masu karatu na gaskiya, kuma su ne waɗanda ba a gayyata majalisa, wato matan aure da 'yan mata masu karanta littattafan soyayya. Waɗannan littattafai, da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano saboda a can ake buga su a kuma rarraba, sun bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, kuma ta cikinsu aka san Balaraba Ramat Yakubu mai Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, da Bilkisu Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa, da Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna. Dattijon majalisa yana kiran su ɓata tarbiyya, ɗan boko yana kiran su ɓata lokaci, alhali matar da suke magana a kanta takan cinye littafi na ɗaya da na biyu da na uku tsakanin ɗora tukunya da sauke ta, ta san sunan kishiya da na uwar miji da na direban gidan, kuma idan aka tambaye ta abin da ke ciki ba ta girgiza kai, labari take bayarwa. Aibinta ɗaya ne, kuma babba ne: ba ta san inda kwaɗaitarwa ke tsayawa ba. Takan fara da cewa ba za ta ɓata wa ƙawarta daɗin labarin ba, daga nan ta faɗa mata wanda ya mutu, da wanda ya kashe shi, da cewa yarinyar da ake zaton 'yar aiki ce ashe 'yar mai gidan ce, sannan ta miƙa mata littafin ta ce lallai ta karanta, za ta sha mamaki.

Zuwan wayar hannu ya sauƙaƙa wa kowa, domin yanzu littafi ba ya bukatar bango balle ya ɓace. Ana tura shi ta WhatsApp, kuma da zarar wani ya ambaci sunan littafi sai amsoshi su yi ta zuba, kowa na cewa a tura masa, har da wanda ya tura shi makon jiya ya manta. Akwai wayoyin da ke ɗauke da littattafan da ko malamin jami'a zai yi alfahari da su, ba a taɓa buɗe ko ɗaya ba, kuma su ne ake fara gogewa ranar da aka rasa wurin ajiye bidiyon biki. Marubuciyar da ta sa wa littafinta ɗan kuɗi kaɗan, ta kuma haɗa duk mai fitar da shi da Allah, takan wayi gari ta ga an turo mata shi kyauta tare da shawarar ta karanta, yana da ma'ana. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro, an samu damar da masu cewa waya ce ta hana su karatu za su tabbatar da maganarsu, kuma da layukan suka dawo, tsinken tsintsiya yana nan a shafi na tara.

Ƙololuwar kwaɗaitarwa ita ce ƙaddamar da littafi, wato taron da ake kiran masu hali su sayi kwafi ɗaya da kuɗin da zai sayi kwafi dubu. Yankin da ƙananan hukumominsa uku kowacce ta fitar da gwamna, Ahmad Sani daga Bakura a 1999, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara a 2011, da Bello Matawalle daga Maradun a 2019, ba zai rasa manyan baƙi ba, ba zai kuma rasa masu sha'awar rubuta tarihin manya ba. A irin wannan taro, a ko'ina aka yi shi a Arewa, akan naɗa mai sharhin littafi wanda aka ba kwafinsa a daren jiya, ya tashi ya yabi nagartar takarda da kyan hoton bango, ya ce ya kamata kowane gida ya mallaki ɗaya. Babban mai ƙaddamarwa, wanda akasari wakili yake aikowa, ya sanar da adadi mai sa a yi kabbara, maroƙa su ɗauka, a watse, littafin ya koma bayan mota cikin ledarsa, marubucin kuma ya shiga sabon aiki na bin alƙawari ofis-ofis, aikin da yakan fi rubutun littafin tsawo.

Saboda haka ana roƙon duk wanda ke riƙe da littafin wani a Mafara ko Bakura ko Maradun, musamman mai riƙe da na biyu alhali na ɗaya da na uku suna hannun mai su, da ya dubi girman Allah ya mayar kafin kasuwar Talata mai zuwa. Idan kunya ta hana shi kaiwa da kansa, ya aiki yaro, ba za a tambaye shi abin da ke ciki ba.