Rabe-raben Masu Hayar Tebur a Ƙofar Dundaye

Ofishin haɗaka ɗaki ne da mutanen da ba su haɗa sana'a ko ubangida ba suke biyan kuɗin zama na yini ko na wata, kowa da kwamfutarsa. Ko da yake da sunan tebur ake karɓar kuɗin, abin da ake saya a Sakkwato shi ne wutar sola da fanka da intanet, musamman tun da cire tallafin man fetur a 2023 ya mayar da janareta kayan ado, ga kuma zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Masu wannan zama a wajejen Ƙofar Dundaye, wadda ta ci sunan garin da Jami'ar Usmanu Danfodiyo take, sun kasu kashi-kashi.

Na farko shi ne mai cin dala, wanda ke yi wa wani kamfanin Amurka aiki, saboda haka safiyarsa ba ta farawa sai bayan azahar, lamarin da ya sa makwabta ke masa kallon zauna-gari-banza, surukai kuma na raɗe-raɗin ko damfara yake yi. Ana gane shi da kwat a sama da silifas a ƙarƙashin tebur, kuma rabin taron da yake yi ta Zoom yakan ƙare ne a tambayar ko ana jin sa.

Bambancinsa da ɗan mainin, wato mai dangwalar waya domin tara sulallan intanet irin su Pi, shi ne na biyun bai riga ya ga ko sisi ba, amma ya zaɓi launin motar da zai saya ranar da harkar ta fashe. Akwai kuma shugaban kamfani, wanda shi ne sakatare kuma shi ne masinja.

Mafi gaskiya a cikinsu shi ne mai caji, domin ba ya riya cewa aiki ya kawo shi: yakan jera wayoyi uku da tocilan da fitilar Inna a kan soket, ya jingina kai, ya yi barci. Shi ne mai wurin ya fi tsoro, don haka da zarar rana ta karkata sai mai wurin ya tsura wa batir ido, ya matso a hankali ya ce, "Malam, don Allah a cire guda biyu."